Yadda Garuruwan Yawon Buɗe Ido Suka Koyi Ƙidaya Baƙinsu

 A yau shirin zai waiwayi tarihin wani abu ne da ya shafi duk wanda ya taɓa ɗaura kaya ya nufi garin da ba nasa ba, wato yadda garuruwa masu karɓar baƙi da yawa suka koma dogara da kwamfuta da wayar salula wajen tafiyar da harkar baƙin nasu, da kuma abubuwan da suka tura su ga yin hakan.

Turawa suna kiran irin wannan gari da wata kalma da za a iya fassara ta da "gari mai wayo". To amma da yake a Hausa idan aka ce mutum mai wayo ne sai ka fara lalubar aljihunka, bari mu kira shi gari mai basira. Abin da ake nufi dai shi ne garin da hukumominsa suka san, a kowace sa'a, mutum nawa ne suka shigo, ina suka taru, ruwa nawa suke sha, wace hanya ce ta cushe, sa'an nan su yi aiki da wannan sani tun kafin matsala ta auku.

Buƙatar baƙo dai tun fil azal ba ta canza ba. Yana son masauki, yana son wanda zai gaya masa gaskiyar hanya da farashi, yana kuma son ya koma gida da ransa da kayansa. Masu sauraronmu da ke zangunan Ghana sun san cewa a zamanin fataucin goro tsakanin Kano da Salaga, madugu ne ya san inda za a sami ruwa da inda 'yan fashi suke, idan kuma ayari ya sauka, mai gida ne zai ba da ɗaki, ya adana kaya, ya haɗa mai saye da mai sayarwa. Duk wannan ilimi a cikin kan mutum ɗaya yake zaune. Tarihin da za mu ba ku yau tarihi ne na yadda aka kwashe irin wannan ilimi daga kawunan mutane aka zuba shi a takarda, daga takarda kuma aka zuba shi a na'ura.

A Ingila, a ranar 5 ga watan Yuli na shekarar 1841, wani mutum mai suna Thomas Cook ya yi hayar jirgin ƙasa ya kwashi mutane kusan 500 daga Leicester zuwa Loughborough don halartar taron masu yaƙi da shan barasa, kowa ya biya sule ɗaya. Daga nan ne aka fara sayar da tafiya a dunƙule kamar haja. Bayan shekaru fiye da 100 kuma sai kamfanonin jiragen sama suka tarar da cewa ma'aikata masu rubuta sunayen fasinjoji a kati ba za su iya da yawan jama'a ba. Saboda haka kamfanin American Airlines ya haɗa kai da IBM suka ƙera wani tsarin kwamfuta mai suna SABRE, wanda ya kama aiki gadan-gadan a shekarar 1964, yana nuna kujerun da suka rage a kowane jirgi nan take. A shekarar 1987 kamfanonin jiragen Turai huɗu suka kafa nasu mai suna Amadeus. Amma fa ku lura, duk wannan ilimi na kamfanoni ne. Garin da fasinjan zai sauka bai san komai a kansa ba sai ya gan shi a bakin titi.

Su kuwa baƙin sai ƙaruwa suke yi. Alƙaluman hukumar kula da yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a shekarar 1950 an yi tafiye-tafiye irin na buɗe ido daga wata ƙasa zuwa wata kimanin miliyan 25. A shekarar 2012 adadin ya haura biliyan 1, a 2019 kuma ya kusa biliyan 1 da rabi. Ga arhar tikitin jirgi, ga ƙaruwar masu abin hannu a ƙasashen Asiya. Matsalar ita ce mutanen nan ba sa warwatsuwa a faɗin duniya, wurare ƙalilan suke yi wa tsinke, kuma a watanni iri ɗaya.

Sa'an nan sai ga wayar salula. A watan Mayu na shekarar 2000 shugaban Amurka Bill Clinton ya ba da umarnin a daina gurɓata saƙon taurarin ɗan Adam na GPS da farar hula ke amfani da shi, wanda a da sojoji suke rage masa daidaito da gangan. Cikin dare ɗaya kuskuren na'urar ya sauko daga kimanin mita 100 zuwa 'yan mitoci. A wannan shekarar aka kafa shafin TripAdvisor, inda baƙo zai rubuta yabo ko ƙorafi a kan otel duniya ta karanta. Taswirar Google ta fito a 2005, wayar iPhone a 2007, Airbnb kuma a 2008. Ka ga ke nan baƙo ya daina neman ɗan jagora, ya riƙe shi a tafin hannunsa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba a lokacin shi ne, wayar da ke nuna maka hanya ita ma tana nuna inda kake. Kowace waya tana magana da turken sadarwa mafi kusa da ita, katin da ke cikinta kuma yana faɗin ƙasar da aka yi masa rajista. Wato a karon farko gari ya sami hanyar da zai ƙidaya baƙinsa ba tare da ya tsayar da kowa ya tambaye shi ba.

To amma samun na'ura daban, samun dalilin kashe kuɗi a kanta daban. A ƙasar Sipaniya, wadda ta mayar da wannan batu manufar gwamnati, talauci ne ya kawo dalilin. Rikicin tattalin arzikin duniya na shekarar 2008 ya durƙusar da harkar gine-gine a ƙasar, har ya kai a farkon shekarar 2013 kusan kashi 27 cikin 100 na masu neman aiki ba su da aikin yi. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka rage suna kawo kuɗi daga waje shi ne baƙi masu zuwa shan rana a bakin teku, su ma ga Turkiyya da wasu ƙasashe suna zawarcinsu da farashi mai rahusa. Saboda haka a cikin shirin raya yawon buɗe ido na ƙasa na shekarun 2012 zuwa 2015, gwamnati ta ɗora wa wani kamfaninta mai suna SEGITTUR aikin tsara abin da ake nufi da gari mai basira. Suka ce za a auna gari ne ta fuskar yadda ake tafiyar da mulkinsa, da ƙirƙire-ƙirƙire, da fasaha, da kiyaye muhalli, da kuma yadda naƙasassu da tsofaffi za su iya shiga ko'ina. Daga baya aka mayar da wannan ya zama ƙa'ida rubutacciya mai lamba UNE 178501, wadda masu bincike za su zo su duba gari a kanta su ba shi takardar shaida ko su hana shi.

Garin da ya fara samun wannan takarda, a ƙarshen shekarar 2018, shi ne Benidorm, kuma ya kamata mu ɗan tsaya a kansa, domin labarinsa ya fi takardar daɗi.

A shekarar 1950 Benidorm ƙauyen masunta ne a gaɓar tekun Bahar Rum, mutanensa ba su kai 3,000 ba. Sana'ar kamun manyan kifaye da suka dogara da ita ta mutu a farkon shekarun 1950, sai magajin garin na lokacin, Pedro Zaragoza, ya ga cewa abin da ya rage musu na sayarwa shi ne rairayi da rana. A shekarar 1956 aka zana wa garin taswira mai faffaɗan tituna, daga baya aka ba da damar gina dogayen benaye, a shekarar 1967 kuma aka buɗe filin jirgin sama na Alicante kusa da shi. Nan da nan Turawan Birtaniya da Jamus suka fara kwararowa. Abin da ba a lissafa da kyau ba shi ne ruwa. Yankin busasshe ne, kuma a shekarar 1978 aka yi fari mai tsanani, famfuna suka ƙafe a tsakiyar lokacin baƙi, har sai da aka riƙa kawo wa garin ruwan sha a cikin jiragen ruwa. Baƙi da yawa, musamman Jamusawa, suka juya wa garin baya. Ku duba fa, garin da ba shi da wata sana'a sai karɓar baƙi, an wayi gari ba shi da ruwan da zai ba baƙo.

Wannan kunya ce ta koya wa Benidorm lissafi. Hukumar ruwa ta yankin ta ƙulla wata yarjejeniya da manoma: gari zai tace ruwan da aka yi amfani da shi ya ba su don ban-ruwa, su kuma su bar wa gari ruwansu mai tsabta don sha. Aka kuma shiga farautar yoyo a cikin bututu. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Ana raba gari unguwa-unguwa, a sa mita a bakin bututun kowace unguwa, mai aika alƙaluma zuwa ɗakin kwamfuta dare da rana. Da ƙarfe 3 na dare, lokacin da kusan kowa ke barci, bai kamata ruwa ya riƙa gudu sosai ba. Idan mitar wata unguwa ta nuna yana gudu, to akwai inda ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, sai a tura ma'aikata kafin gari ya waye. Da wannan ne garin ya kai matsayin da kimanin kashi 95 cikin 100 na ruwan da aka sako yake isa ga masu amfani da shi, alhali a garuruwa da yawa na duniya kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye yakan salwanta a hanya. Dogayen benayen nan da masu son kyan gari suke kushewa su ma sun taimaka, domin jama'a a cure suke wuri ɗaya, bututun bai yi tsawo ba. Bugu da ƙari, yawan ruwan da aka sha a rana yana gaya wa hukuma kusan mutum nawa ne suka kwana a garin, wanda mazaunansa na dindindin 'yan dubu 70 da wani abu ne, amma a tsakiyar lokacin zafi sukan ninka sau da yawa. A ganina takardar shaidar 2018 ta zo ne ta tarar da garin da ya shekara 40 yana ƙidayar kansa saboda tsoron ƙishirwa.

Da annobar korona ta ɓarke a shekarar 2020, baƙin da suka shiga Sipaniya suka faɗo daga kimanin miliyan 83 da rabi a shekarar 2019 zuwa kimanin miliyan 19. A wannan shekarar Benidorm ta yanka rairayin bakin tekunta fili-fili, kowane fili mita 4 tsawo mita 4 faɗi, aka ware wani sashe don waɗanda suka haura shekara 70, aka kuma kafa tsarin kama wuri ta intanet. Annobar ta yi wa wannan harka abin da shekaru goma na tarurruka ba su yi ba. Ko'ina a duniya mutane suka saba da nuna lamba a fuskar waya kafin su shiga gidan tarihi ko jirgi, kuma da cutar ta lafa hukumomi da yawa ba su janye tsarin ba.

A wasu wuraren kuwa, yawan baƙin ne ya zama cutar. A birnin Beijing na ƙasar Sin, tsohuwar fadar sarakuna ta ƙayyade masu shiga zuwa mutum 80,000 a rana a shekarar 2015, a 2017 kuma ta mayar da sayar da tikiti ta intanet. A Venice ta ƙasar Italiya, birnin nan da aka gina a kan ruwa, mazauna tsohon gari sun kai kimanin 175,000 a shekarar 1951, amma a 2022 sun sauko ƙasa da 50,000, domin gidaje sun koma masaukin baƙi, kantunan unguwa sun koma na tsaraba. A shekarar 2020 hukumar birnin ta buɗe wani ɗakin sa ido a tsibirin Tronchetto, inda ake haɗa hotunan kyamarori da bayanan wayoyin salula, a ga mutum nawa ne a dandali kaza, daga wace ƙasa suka fito, ta wace gada suke bi. A ranar 25 ga Afrilun 2024 kuma aka fara karɓar yuro 5 daga masu zuwa yini ɗaya su koma, a wasu ranaku 29 da aka san cunkoso ya fi yawa. A ranar da aka fara, wasu 'yan garin suka fito zanga-zanga suna cewa an mayar da garinsu gidan kallo mai ƙofa da tikiti, su gidajen haya masu sauƙi suke nema. Hukuma ta ce bayanan wayoyin ba sa ɗauke da sunan kowa. Duk da haka, mai sauraro, idan ka shiga Venice da wayarka a kunne, ka san an ƙidaya ka, kuma ba wanda ya nemi izininka baki da baki.

Yanzu bari mu je inda wannan batu ya fi shafar masu sauraronmu kai tsaye. Aikin Hajji ibada ce, ba wanda zai kira shi yawon buɗe ido, amma ta fuskar masu tsara zirga-zirgar jama'a babu wani wuri a duniya da ya kai Makka da Mina wuya: mutane kusan miliyan 2, masu harsuna daban-daban, dole su kasance a wurare ƙayyadaddu a sa'o'i ƙayyadaddu. Kakannin Hausawan da ke zaune a Sudan a yau, da yawansu alhazai ne da suka bi ta Chadi a ƙafa, suna tafe suna noma da ƙwadago, tafiyar takan ci shekaru. A wancan zamani hanya ce ke kashe mutane. Da jirgin sama ya sauƙaƙe hanya, sai haɗarin ya koma wurin cunkoso.

A ranar 12 ga Janairun 2006 mutane fiye da 340 suka rasu a turmutsitsi a bakin gadar jifan Shaiɗan. Bayan haka wani masanin kimiyya Bajamushe mai suna Dirk Helbing tare da abokan aikinsa suka nazarci hotunan bidiyo na ranar da kwamfuta, suna bin motsin kawunan mutane. Abin da suka gano yana da ban tsoro, yana kuma da amfani. Idan jama'a ba su yi yawa ba, tafiya takan gudana sumul. Idan suka ƙaru, sai ta koma a tafi a tsaya, a tafi a tsaya. Idan suka ƙara matsuwa kuma, sai taron ya fara tangaɗi kamar ruwan da ake girgizawa a ƙwarya, mutum ba shi da ikon ƙafarsa, ana jefa shi nan da can, wanda ya faɗi kuwa ba ya iya tashi. Ba sai wani ya firgita ko ya yi ganganci ba, matsin kansa ya isa. Kuma alamun suna bayyana a hoto mintoci da dama kafin a fara faɗuwa, wato akwai lokacin da za a iya tare masu tahowa daga baya. Hukumomin Saudiyya suka rushe tsohuwar gadar, suka gina sabuwa mai hawa-hawa, aka raba hanyar shiga da ta fita, aka tsara wa kowace tawaga lokacin jifanta, aka kafa kyamarori masu ƙidaya. A shekarar 2010 kuma jirgin ƙasa mai haɗa Mina da Muzdalifa da Arfa ya fara aiki.

Duk da haka a ranar 24 ga Satumban 2015 aka sake yin turmutsitsi, wannan karon a kan titunan Mina, kafin a kai ga gadar. Saudiyya ta ce mutum 769 ne suka rasu, amma da kamfanonin dillancin labarai suka tattara alƙaluman da ƙasashe suka bayar, adadin ya haura 2,000, ciki har da alhazan Najeriya da Nijar da Kamaru masu yawa. An gyara gada, cunkoson ya koma titin da ke kai wa gare ta. A shekarar da ta biyo baya aka fara raba wa alhazai abin hannu mai ɗauke da bayanansu. Sai korona ta zo, aka taƙaita Hajjin 2020 ga mutane ƙalilan mazauna ƙasar, aka kuma mayar da izinin Umra ta manhajar waya. A shekarar 2022 aka ƙaddamar da manhajar Nusuk, wadda daga 2023 ta zama hanyar da maniyyata daga Birtaniya da Amurka da ƙasashen Turai suke bi su biya kujera, a maimakon wakilan tafiye-tafiyen da suka saba da su a unguwanninsu. Akwai kuma dalilin kuɗi a ciki, domin shirin Saudiyya na rage dogaro da man fetur, wanda aka bayyana a shekarar 2016, ya sa burin karɓar masu Umra miliyan 30 a shekara kafin 2030, kuma ba a iya karɓar wannan adadi da littafi da alƙalami.

A Hajjin shekarar 2024 aka wajabta rataya katin Nusuk, wanda sai da shi ake shiga wuraren ibada, da tantuna masu sanyi, da motocin jigila. A wannan shekarar zafi ya haura digiri 51 a Makka. Hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 ne suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin Hajji. Mutane ne da suka shigo da bizar ziyara saboda kuɗin kujera ya fi ƙarfinsu, ko 'yan damfara suka yaudare su, suka yi ta tafiya a ƙafa cikin rana ba inuwa. Kwamfuta ta kula da wanda yake cikin rajista. Wanda ba ya ciki, a wurinta kamar babu shi. Saboda haka duk mai niyya daga cikinku, ko daga Accra yake ko daga Garoua ko N'Djamena, idan wani ya ce zai kai shi Hajji da rahusa ba tare da wannan izini ba, ya tuna da wannan adadi.

A Turai dai harkar ta zama har da gasa. Tarayyar Turai ta ƙirƙiro lambar yabo ta birnin da ya fi basira wajen karɓar baƙi, inda Helsinki da Lyon suka fara ci a shekarar 2019, daga baya biranen Sipaniya uku, Malaga da Valencia da Seville, suka samu. A shekarar 2024 ƙasar ta karɓi baƙi kusan miliyan 94, adadin da ya zarce na kafin annoba. A wannan shekarar ce kuma dubban mutane suka yi zanga-zanga a tsibiran Canary a watan Afrilu saboda tsadar haya da ƙarancin ruwa, a watan Yuli kuma wasu 'yan Barcelona suka riƙa fesa wa baƙi ruwa da bindigar wasan yara suna cewa su koma gida. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, to amma raɓar da ta kwana ta wuni, ta sa kuɗin haya ya ninka, dole ɗan gari ya yi magana. Barcelona ba ta rasa na'urorin ƙidaya ba, ta san yawan baƙinta sarai. Abin da magajin garin, Jaume Collboni, ya sanar a watan Yunin 2024 hukunci ne irin na siyasa: lasisin gidaje kimanin 10,000 da ake ba baƙi haya na 'yan kwanaki ba za a sabunta shi ba idan ya ƙare a watan Nuwamban 2028, domin gidajen su koma hannun mazauna gari.